KWANA GOMA SHA BIYU A BIRNIN ANKARA DA KEWAYENSA

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Wannan magana ce ta ɗauke ni kwanakin baya daga Kano har bakin teku, watau birnin Ankara, hedkwatar ƙasar Ghana, inda na yi kwana goma sha biyu a gidan wani aminina na tun ƙuruciya. Kada mai karatu ya zaci Ankara ta ƙasar Turkiyya nake nufi. Garin da Turawa ke rubutawa Accra, shi kakanninmu fatake suke kira Ankara, kuma asalin sunan daga kalmar Nkran ne ta harshen Akan, wadda ke nufin tururuwa.

Kafin in shiga labarin abin da na gani, ya kamata in faɗi mafarin wannan aminci, domin shi ne dalilin tafiyar. A ran 18 ga watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Ghana cikin mako biyu. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka fito, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su. Mahaifin aminina yana cikinsu. Ya iso Kano da iyalinsa, garin da kakansa ya baro, amma shi bai san kowa a cikinsa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya gamu da su a masallaci a Fagge, ya kai su gida ya ba su ɗaki biyu. Suka zauna tare da mu sama da shekara biyu, sai bayan da soja suka hamɓarar da gwamnatin Busia a watan Janairu na 1972 suka koma. Tun daga lokacin, daga wasiƙa sai tarho. Da na ga furfura ta cika kawunanmu, iyayen da suka ƙulla abin kuma duk sun riga mu gidan gaskiya, sai na ce lalle in taka da ƙafata tun da sauran ƙarfi.

HANYA

Ta mota na bi. Daga Ikko zuwa Ankara tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma mutum zai ƙetare iyaka uku: ta Seme tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Benin, ta Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sa'an nan ta Aflao wadda ke jingine da birnin Lome. Bisa yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979, ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, sai dai fasfo da katin allurar rigakafin shawara. Duk da haka tsaye-tsaye a kan iyaka da shingaye kan cinye wa matafiyi yini guda cur.

Cikin yinin nan ɗaya na riƙe kuɗi iri uku, naira da sefa da sidi, na kuma mayar da agogona baya da awa ɗaya, domin Togo da Ghana suna bayan Nijeriya a lokaci. Daga Kwatano zuwa Lome hanyar ba ta yin nisa da gaɓa, sau da yawa teku na hannun hagu, itatuwan kwakwa sun yi sahu. Mu mutanen tudu, da muka saba kiran Tiga da Bagauda babban ruwa, in muka ga wannan sai tasbihi.

MASAUKI A NIMA

Bayan isha'i muka shiga gari. Yayana, domin haka nake kiransa tun da ya girme ni da shekara uku, yana tsaye a tasha tare da 'ya'yansa biyu. Muka rungumi juna, aka rasa mai cewa uffan. Can ya ce, "Malam, ashe rai kan ga rai?" Na ce, "Yaya, ga shi kuwa Allah ya nufa."

Gidansa a Nima yake, ɗaya daga cikin manyan unguwannin Musulmi da ake kira zango. Tun daren farko na gane bambancin sauka a otal da sauka a gidan aboki. Ba a bari na taɓa jakata ba. Uwargida Hajiya ta sa an share mini ɗakin babban ɗansu, shi kuwa ya koma kwana a shago. Kashegari da hantsi dattawan layin suka yi ta shigowa yi mini barka da zuwa, kowa na tambayar labarin garin kakansa: wannan Katsina, wancan Sakkwato, wani Zazzau, wani Dosso. Akwai waɗanda a cikinsu ba su taɓa ganin garuruwan ba, amma sun san sunan unguwarsu ta asali.

Nima cike take maƙil. Lunguna ne ƙunci, gidaje manne da juna, magudanun ruwa a buɗe, ga shi kuwa tazara kaɗan ce tsakaninta da fadar shugaban ƙasa. Mazaunanta ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa da Fulani da Dagwamba da Mosi da Kotokoli da Wangarawa da Yarbawa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci. Sai dai Hausar tasu ta sha ruwan kurmi. Yawanci ba su bambanta namiji da mace a magana, sai ka ji an ce "yarinya ya tafi makaranta", kuma ƙa da ɗa da ɓa sun yi laushi a bakinsu. Yaran gidan su ma dariya suke yi wa tawa Hausar, wai irin ta rediyo ce.

Wajen abinci kuwa ban yi baƙunta ba. Da safe koko da ƙosai, waɗanda duk faɗin Ghana ake sayarwa da sunan "Hausa koko" da "koose". Da rana shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, suna kiranta "waakye", kowa kuma ya ji ya san daga kalmar wake ta fito. Da dare wani lokaci tuwo, wanda su ke ce wa "tuo zaafi", watau tuwon zafi. Abin da ya zame mini sabo shi ne dokunu, ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara a dafa, a ci da soyayyen kifi da wani baƙin yaji mai suna shito.

YADDA HAUSAWA SUKA ISA CAN

Goro ne ya fara kai mu. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi wata da watanni kafin su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Su kai kanwa da baƙaƙen tufafi da fatu, su komo da goron ƙasar Ashanti. Inda ayari ya yada zango, nan ake samun mai gida da ke saukar da baƙi, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye. Daga nan kalmar zango ta zama sunan unguwa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. Cikinsu akwai shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

Hanya ta biyu ita ce aikin soja. A farkon shekarun 1860 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, aka kuma kawo su yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. Da yawa ba su koma ba. Wannan ne ya sa Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a ƙasar. A Ankara kanta, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuwa ta biyo baya a shekarun 1930.

Bisa ƙidayar 2021 mutanen Ghana miliyan 30.8 ne, kusan kashi 20 cikin 100 Musulmi, jihar Ankara da kewayenta kuwa tana da sama da miliyan 5. Ran Juma'a muka yi salla a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, dab da Nima, wanda Turkawa suka gina da ƙubbobi da hasumiya huɗu irin na Santambul, aka buɗe shi a 2021. Na ce wa Yaya, "To, ga Ankara ta gamu da Ankara."

BAKIN TEKU

Da ɗan gari akan ci gari. Ƙaramin ɗan Yaya ne ya zama jagorana, muna shiga ƙananan motocin haya da suke kira trotro. Ya fara kai ni Jamestown, tsohon gari, mazaunin kabilar Ga waɗanda su ne masu ƙasar. Nan ga doguwar hasumiya mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa hanya, ƙarƙashinta kuma ɗaruruwan kwalekwale, kowanne an sassaƙa gindinsa daga gungumen itace guda, an yi masa fenti da tutoci, an ɗaura masa inji. Maza na gyaran taru, mata na banda kifi, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Ran Talata masunta ba su shiga teku, al'ada ce da suka gada. Haka nan kowace shekara, kafin bikinsu na Homowo, akan hana kaɗe-kaɗe da hayaniya har wata guda, baƙo da ɗan gari kowa ya kiyaye.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne tarin leda da robobi da igiyar ruwa ke turowa gaɓa. Jagorana ya bayyana mini cewa daga cikin gari magudanu ke kwaso su, kuma toshewar magudanun na cikin abin da ke haddasa ambaliya. Ya tuna mini da daren 3 ga Yuni na 2015, sa'ad da ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai, mutum fiye da 150 suka halaka. Na tuna da namu magudanun na gida, na yi shiru.

Ba nisa da nan akwai dandalin tunawa da Kwame Nkrumah, inda kabarinsa yake. A wannan fili ne ya tsaya da tsakar daren da aka wayi gari 6 ga Maris na 1957 ya yi shelar samun mulkin kai, sanye da taguwar saƙi ta mutanen arewacin ƙasar. Soja sun tumɓuke shi a 1966, ya rasu a ƙasar waje a 1972, sa'an nan a 1992 aka gina masa wannan wuri. Har yanzu ana nuna wani mutum-mutuminsa da aka fille wa kai lokacin juyin mulki, da kan a ajiye gefe guda. Duniya ke nan.

TUDUN ABURI

A rana ta shida Yaya ya ce zafin gari ya isa, mu hau tudu. Aburi tana arewa da Ankara, tafiyar kamar awa guda, hanya na nannaɗe dutse, in ka waiwaya ka hango birnin shimfiɗe har teku. Akwai lambun itatuwa da aka buɗe tun 1890, da wani tsohon rimi wanda mutum goma ba su zagaye shi da hannu. Gaba kaɗan, a Mampong, gonar Tetteh Quarshie take, maƙerin da ya kawo irin koko na cakulan daga tsibirin Fernando Po a 1879, amfanin gonar da ya zama ƙashin bayan arzikin ƙasar.

Ga ɗan Nijeriya kuwa sunan Aburi yana da wani nauyi dabam. A nan ne ran 4 da 5 ga Janairu na 1967 Janar Ankrah na Ghana ya tara shugabannin sojan Nijeriya, ciki har da Yakubu Gowon da Odumegwu Ojukwu, don neman sulhu. Aka rabu kowa da irin fassarar da ya yi wa abin da aka shirya, bayan wata shida yaƙin basasa ya ɓarke. Maƙwabci ya yi iyakar ƙoƙarinsa, mu ne ba mu ci moriyar zaman ba.

GIDAJEN BAYI

Ziyarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Cape Coast da Elmina, kimanin kilomita 150 yamma da Ankara. Muka yi sammako bayan asuba, muka kwana biyu a can gidan wani surukin Yaya, a zangon garin. Ko nan ma ba a bar ni na biya ko sisi ba.

A Elmina akwai wani ƙaton farin gini mai ganuwa a kan dutse, teku na dukan gindinsa. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, na Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Na Cape Coast kuwa mutanen Suwidin suka fara shi a 1653, daga baya ya zama hedkwatar Ingilishi har zuwa 1877 da suka mayar da mulki Ankara. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa gine-ginen nan cikin kayan tarihi na duniya. A Elmina ne aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijira.

Mai yi mana bayani ya shiga da mu kurkukun ƙarƙashin ƙasa a Cape Coast, inda ake cusa ɗaruruwan mutane a ɗakunan da ba su da taga sai 'yan kafofi can sama. Nan suke ci, nan suke bayan gida, har makonni, kafin jirgi ya zo. Ya kashe fitila na ɗan lokaci don mu ɗanɗana duhun. Daidai saman kurkukun maza kuwa ɗakin ibadar Turawan yake, can sama kuma ɗakin gwamna, mai tagogi da iskar teku. Daga ƙarshe aka kai mu wata ƙofa da ke fuskantar ruwa, wadda suke kira ƙofar da ba a komowa. Tare da mu akwai baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika, wata dattijuwa a cikinsu ta dafa bango tana kuka.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Turawa ne suka kawo jirage da bindigogi, su suka ci babbar riba har Ingila ta haramta cinikin a 1807, amma ba su ne suka shiga ƙauyuka suka kamo yawancin mutanen ba. Kasuwar Salaga da muke alfahari da goronta kasuwar bayi ce kuma, fatakenmu sun saya sun sayar a cikinta. Mu ma kuma an sayar da mu. Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 an fitar da su ta Ikko da Wida zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka yi ta tayar wa iyayengijinsu da ƙayar baya tun daga 1807. A shekarun 1830 wasu 'yantattu daga Barazil, cikinsu har da Musulmi, suka sauka Ankara. Zuriyarsu, da ake kira Tabom, suna nan a Jamestown.

Da muka fito, sai surukin Yaya ya ce mu je dajin Kakum mu sha iska. Can akwai gadoji na igiya da aka ɗaura a kan itatuwa, wani wurin tsayinsa daga ƙasa ya kai mita 40. Samari suka haye suna dariya. Ni da Yaya muka dubi juna, muka ce mu masu tsaron takalma ne.

HIRAR DAREN ƘARSHE

Daren da zan taso muka zauna a ƙofar gida har tsakar dare. Na tambaye shi ko har yanzu yana jin ciwon abin da aka yi musu a 1969. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ku ma kun rama." Yana nufin watan Janairu na 1983, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka fito, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samo sunan da ake kiranta da shi har yau. Ya ce a wancan karon shi ya saukar da wasu maƙwabtansa da suka komo daga Ikko hannu rabbana. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Gwamnati takan kori mutum da takarda guda, amma wanda zai buɗe masa ƙofa a inda ya faɗa, shi ne abin nema. Baba ya buɗe mana. Abin da nake tsoro shi ne 'ya'yanmu ba su san juna ba."

Maganarsa gaskiya ce. 'Ya'yansa 'yan Ghana ne, a nan aka haife su da ubansu da kakansu, ko da yake ya ce wani lokaci in ɗan zango ya je neman takardar shaida akan yi masa tambayoyin da ba a yi wa wasu, saboda sunansa. Nawa 'ya'yan kuwa sun fi sanin labarin Dubai da Landan a kan na Kumasi da Ankara. Kafin mu tashi muka yanke shawara: ƙaramin ɗansa zai zo Kano ya yi hutu a gidana, ni kuma in turo nawa baɗi in Allah ya kai mu.

SHAWARA GA MAI NIYYA

Wanda ke da niyyar irin wannan tafiya, ya tabbata fasfonsa da katin allurarsa suna da kyau. Ya sanar da masu masaukinsa ranar zuwa da ranar komowa, domin baƙo raɓa ne, kuma gidajen zango ba su da yalwar ɗaki. Kada ya je hannu sake: kilishi da dabino da turare da hular Kano suna da daraja ƙwarai a can. In ya ga ba za a karɓi kuɗinsa ba, ya san yadda zai yi ya sayo cefane ko ya yi wa yara alheri. Ya gai da dattawan unguwa, ya kiyaye dokar ƙasa da al'adar masu gari, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutane. In kuma bai iya iyo ba, ya tsaya daga gaɓa, domin tekun nan yana da ja.

Ina kira ga jama'armu, musamman waɗanda suka san suna da dangi ko aminan iyaye a Ghana da Togo da sauran ƙasashen maƙwabta, da su neme su tun dattawan da suka san asalin zumuncin suna raye. Kakanninmu sun yi wannan tafiya da jakuna cikin watanni, mu kuwa kwana biyu ta ishe mu a mota. Da asuba Yaya da Hajiya suka rako ni tasha da ƙunshin goro da kwalbar shito. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan magabatanmu, ya bar zumunci. Amin.